Ba a haɗiyarta, amma tana shiga jini: gardama kan filastar tazarar haihuwa

Mutane da yawa, masu boko da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, suna jera magunguna hawa-hawa a zukatansu. Allura ce a sama, ita ake yi wa kallon mai ƙarfi. Ƙwaya na biye da ita. Abin da ake shafawa ko mannawa a fata kuwa yana can ƙasa, kusa da man zafi da lalle, ana ganin in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Filastar tazarar haihuwa ta ci riba mai yawa daga wannan jeri, kuma jerin kuskure ne. Filastar da ta fi yaɗuwa a duniya tana zuba wa jinin mace sinadarin istirojin fiye da ƙwayar da ake haɗiya kullum. Duk wanda ya miƙa wa mace ita bai gaya mata haka ba, likita ne ko mai kemis ko ƙawa, ya tauye mata abin da take da haƙƙin sani.

Ita dai filastar 'yar siririya ce, faɗinta kamar na akwatin ashana. Tana ɗauke da sinadaran homon guda biyu, istirojin da furojestin, irin waɗanda ke cikin ƙwayar tazara ta yau da kullum. Mace za ta manna ta a ɗuwawu, ko a mara, ko a bayan dantse, ko a gadon baya, ban da kan nono. Sai ta bar ta kwana bakwai, ta cire ta manna sabuwa a wani gurbin, haka har mako uku. A mako na huɗu ba a manna komai, a nan jini yake zuwa. Cikin waɗannan kwanaki sinadaran suna ratsa fata a hankali zuwa jini, su hana ƙwan mace fitowa, su kuma kaurara majinar bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai samu hanya ba.

Amfaninta gaskiya ne. Ƙwaya tana neman a tuna da ita sau 21 ko 28 a wata, filasta sau uku. A wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2001, matan da ke manna filasta sun bi ƙa'ida daidai a kusan kashi 88 cikin ɗari na watanninsu, masu shan ƙwaya kuwa a kusan kashi 78. Amai ko gudawa, da kan ɓata aikin ƙwaya, ba ruwan filasta da su tunda ba ta bi ta ciki. In an bi ƙa'idarta sak, ƙasa da mace ɗaya cikin ɗari ce za ta ɗauki ciki a shekara. A yadda mutane suke amfani da ita a zahiri, da mantuwa da jinkiri, adadin kan kai kamar bakwai cikin ɗari, daidai da na ƙwaya. Kuma ba ta kashe mahaifa. Da an daina mannawa, jiki kan koma yadda yake cikin wata ɗaya zuwa uku.

To ina gardamar take? Tana cikin tarihin filastar kanta, wanda aka rubuta a Amurka, a kotuna da takardun gargaɗi.

A watan Nuwamba na 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Ortho Evra, filasta ta farko irinta, wadda wani reshen kamfanin Johnson & Johnson ya yi. Ta shiga kasuwa a 2002, mujallar Time ta sa ta cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar, miliyoyin mata suka rungume ta. Takardar da ke cikin kwalinta a lokacin ta ce tana sakin maikirogiram 20 na istirojin a rana. Duk likitan da ya karanta wannan adadi zai ɗauka ta fi ƙwaya mai maikirogiram 35 sauƙi, kuma haka da yawa suka ɗauka. Sai a Nuwamban 2005, bayan rahotannin 'yan mata da matan aure da gudan jini ya toshe wa jijiya, wasu har suka rasu, aka ƙara gargaɗi a takardar: macen da ke manna filastar tana samun istirojin da ya ɗara na mai shan ƙwaya mai maikirogiram 35 da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Dalilin wannan bambanci shi ne ya rushe wancan jeri na allura da ƙwaya da shafawa. Ƙwaya in an haɗiye ta sai ta bi ta hanji da hanta, a can a karya wani kaso nata kafin ragowar ta shiga jini. Sinadarin yakan yi sama cikin awa ɗaya ko biyu, sannan ya yi ta sauka har gobe. Filasta ba ta biyan wannan haraji. Abin da ya ratsa fata jini yake shiga kai tsaye, kuma ba ya sauka, dare da rana, kwana bakwai cur. Ƙololuwarsa ba ta kai ta ƙwaya ba, ta gaza da kusan kashi 25, amma in aka tara duka abin da jiki ya samu, na filasta ya fi. Kamar bambancin ruwan sama mai ƙarfi na rabin awa ne da yayyafin da ya kwana yana zuba. Manomi ya san wanda ya fi jiƙa ƙasa. Istirojin kuwa, ta kowace ƙofa ya shigo, yana sa hanta ta ƙara sarrafa abubuwan da ke daskarar da jini.

Mata da iyalai sama da 3,000 suka kai ƙara. A watan Afrilu na 2008 jaridar New York Times ta ruwaito, daga takardun da shari'ar ta fito da su, cewa wani binciken kamfanin kansa tun 1999 ya nuna yawan istirojin ɗin, amma aka yi wa alƙaluman wani gyaran lissafi da ya rage su da kashi 40. Kamfanin ya ce bai ɓoye wa hukuma komai ba, ya sasanta ɗaruruwan ƙararraki da kuɗi a wajen kotu. Ƙungiyar Public Citizen ta nemi a janye filastar daga kasuwa, hukuma ba ta amince ba. A Disambar 2011 kwamitin masana na FDA ya kaɗa ƙuri'a, mafi rinjaye suka ce amfaninta ya fi hatsarinta, amma takardar gargaɗinta ba ta wadatar ba. A 2014 Ortho Evra ta bar kasuwar Amurka, Xulane mai sinadarai iri ɗaya ta maye gurbinta. A Turai da wasu ƙasashe ana sayar da 'yar'uwarta da sunan Evra. A 2020 aka amince da wata sabuwa, Twirla, mai wani furojestin daban.

Shekara huɗu ke nan tsakanin amincewa da filastar da faɗin gaskiyar adadin, a ƙasar da ke da lauyoyi masu farautar irin wannan ƙara da jaridu masu kuɗin bincike. Inda babu ko ɗaya daga cikinsu, macen da ta faɗi ta mutu da gudan jini a huhu za a ce ajali ne, a yi mata sutura kafin la'asar, babu mai duba bayan dantsenta.

A nan masu tsoratarwa za su so a tsaya, su ce ga shi an faɗa da baki, guba ce. Ba su da gaskiya, alƙaluma kuma ba sa bayansu. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai, bayan bitar da ta kammala a 2013, ta fitar da ƙiyasi kamar haka. Cikin mata 10,000 da ba su da ciki kuma ba sa amfani da homon, kamar biyu ne gudan jini zai kama a shekara. Cikin masu shan tsohuwar ƙwaya mai sinadarin lebonojestirel, biyar zuwa bakwai. Cikin masu filasta, shida zuwa goma sha biyu. Ƙari ne na gaske, amma a dubi abin da ake gudu. A ƙiyasin FDA, ciki kansa yana kai adadin biyar zuwa ashirin, makonni 12 na farko bayan haihuwa kuwa arba'in zuwa sittin da biyar. Wannan gudan jini kaɗai ke nan, ba a sa zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda ba, a ƙasa irin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasin mace kusan 1,000 na rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Wanda ya hana mace lafiyayya 'yar shekara 25 filasta saboda tsoron gudan jini, ya bar ta da cikin da jikinta bai shirya masa ba, ya cire ta daga ƙaramin hatsari ne ya jefa ta babba.

Saboda haka tambayar ko filasta tana da kyau ko ba ta da kyau tambayar banza ce. Tambayar da ke da amfani ita ce wace mace. Kuma in aka ɗauko jerin matan da bai kamata su taɓa ta ba, aka karanta shi da idon mutumin Kano ko Maraɗi, abin da za a gani yana da ban tsoro: jerin ya yi kama da layin mata a asibitin awo.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'auni mai hawa huɗu, tun 1996 take sabunta shi. Hawa na ɗaya babu matsala, na uku hatsari ya fi amfani sai in babu wata hanya, na huɗu kada a yi ko kusa. Mai shayarwa da ba ta cika mako shida da haihuwa ba tana hawa na huɗu a kan duk wata hanya mai istirojin. Daga mako shida zuwa wata shida tana hawa na uku, domin ana fargabar istirojin ya rage ruwan nono. To wace mace ce ta fi neman tazara a ƙasar Hausa? Ai ba budurwar jami'a ba ce da aka zana a tallan Amurka. Mai jego ce, wadda ta yi arba'in ta dawo ɗakinta, goyo a baya, tana tsoron kwanika. Ita ce ta fi buƙata, kuma ita ce filasta ta fi rashin dacewa da ita. Wanda ya sayar mata a wannan lokaci ya haɗa mata hatsari biyu: jinin da bai gama komawa daidai ba daga haihuwa, da sinadarin da ke ƙara masa kauri.

Akwai abin da ya fi wannan kusa da gida. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka ba duniya labarin wani ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, zuciya ta buɗe ta kasa harba jini, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Sun ce yana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin, adadin da ba a san irinsa ba a Turai. A lokacin an danganta shi da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta da kunun kanwa. Binciken da likitocin zuciya na Nijeriya suka yi daga baya ya fi karkata ga rama da talauci da hawan jinin ciki. Ko ma mene ne sanadin, ciwon yana nan a arewa, kuma zuciyar da ta yi rauni wuri ce da jini ke taruwa ya daskare. Ma'aunin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya hana istirojin gaba ɗaya ga mai wannan ciwo a wata shida na farko, ya kuma ci gaba da hanawa muddin zuciyar ba ta warware ba. Mace nawa ce take da shi, ta ɗauka gajiyar jego ce?

Sai sikila. Babu ƙasar da ake haifar masu ita kamar Nijeriya. An daɗe ana sa masu sikila a hawa na biyu, amma a 2024 CDC ta mayar da su hawa na huɗu a kan hanyoyi masu istirojin, saboda jininsu dama yana da saurin toshe jijiya. Sai hawan jini: wadda awonta ya kai 140 a kan 90 tana hawa na uku, wadda ya kai 160 a kan 100 tana na huɗu, domin abin da ke jiran ta shanyewar ɓarin jiki ne. Hawan jini kuwa ba ya sallama, sai an auna. Haka mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya ko dishi-dishi a ido, da wadda ta taɓa yin gudan jini, da mai kansar nono, da mai ciwon hanta mai tsanani, da 'yar shekara 35 zuwa sama mai shan taba.

Ƙiba ma ta shigo, ta fuska biyu. A gwaje-gwajen farko an samu ciki 15, biyar daga ciki a jikin mata masu kilo 90 zuwa sama, alhali ba su kai kashi uku cikin ɗari na matan gwajin ba. Wato filasta na iya gazawa a jikin mai nauyi. Ta ɗaya fuskar, Amurka yanzu ta hana Xulane da Twirla ga wadda ma'aunin ƙibarta ya kai 30, wanda ga mace mai tsawon mita 1.6 yake nufin kusan kilo 77. A inda ake yi wa ƙiba kirari da hutu, har wasu ke shan maganin ƙara ta, kilo 77 ba abin da za a ɗaga gira a kai ba ne. Kuma mai shan maganin tarin fuka na rifamfisin, ko wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazafin da finobabiton, hantarta za ta riƙa ƙone sinadaran da sauri, ta yi ta mannawa a banza.

Abin takaicin shi ne ba a rasa tsoro ba, wurin ajiye shi aka ɓata. Mutanen arewa suna da dalilin zargin kamfanonin magani na waje. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, shari'ar da ta biyo baya ba ta ƙare ba sai da aka yi sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009. Amma zargin ya tafi ya zauna a kan abu guda, kashe mahaifa, kamar yadda aka gani a 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna. Sai ga mace tana tambayar ma'aikaciyar asibiti ko filasta za ta hana ta haihuwa har abada, abin da ba ta yi, ba ta kuma tambayar ko za ta daskarar mata da jini, abin da takan yi. Ma'aikaciyar ta ba ta amsar abin da ta tambaya, ta kwantar mata da hankali, a rabu a haka. Masu wa'azin tsoro da masu tallan sauƙi ba sa ga maciji da juna, amma aikinsu ya haɗu a wuri ɗaya: kowannensu ya kawar da idon mace daga alamun da za su ceci ranta. Alamun kuwa ba su da yawa. Ciwo da kumburi a sha-raɓar ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani irin wanda ba a saba ba, gani ya dushe, harshe ya karye ko ɓari ɗaya ya yi sanyi. Wadda ta ga ɗaya daga ciki ta cire filastar ta nufi asibiti a ranar, ta kuma faɗa wa likita abin da take mannawa, kada kunya ta hana.

Halaccin tazara kanta ba shi ne abin jayayya ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta jinkirta ciki na wani lokaci bisa yardar ma'aurata, matuƙar babu cutarwa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne duk abin da ake magana a kai. Amma filasta ta zo da wata mas'ala da ƙwaya da allura ba su da ita, kuma babu takardar kamfani da ta ambace ta. A mazhabar Malikiyya game jiki da ruwa da cuɗawa suna cikin farillan wanka. Ga abu manne a fata kwana 21 cikin 28, wanda ka'idarsa ta hana a riƙa ɓamɓarewa ana mayarwa, a jikin matar aure. Ko yana ɗaukar hukuncin ɗaurin rauni da ake shafa a kansa, wannan aikin malaman fiƙihu ne, kuma kamata ya yi a kai musu tambayar kafin a manna. Likitan da ya rubuta filasta ga Musulma bai tayar da zancen ba ya bar ta ne ta warware shi ita kaɗai a banɗaki, kuma da yawa za su warware shi ta hanyar cirewa a kowane wanka, su lalata kariyar ba su sani ba.

Sauran ƙananan abubuwan ma ba ƙanana ba ne a nan. An yi filastar da launin fatar Bature, a jikin baƙar mace tana ihu. Wadda ke zaune gida ɗaya da kishiya da uwar miji ta san darajar abin da ba a gani. Ba a son mai ko hoda a gurbin da za a manna, ga hunturu da ba a fita sai da basilin, ga dilka da halawa. A gwaji kusan biyu cikin ɗari ne suka faɗi gaba ɗaya, uku suka ɗaga gefe, har da waɗanda aka gwada a ɗakin tururi na ɗan lokaci, amma wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ba wuta ba fanka zai so mace ta riƙa dubawa kullum. In ta faɗi bai kai awa 24 ba, a mayar ko a sa sabuwa. In ya wuce haka, ko ba a san yaushe ta faɗi ba, a fara sabon lissafi, a kuma yi amfani da kwaroron roba kwana bakwai. Filasta ba ta kare kowa daga cutar ƙanjamau ko sauran cututtukan saduwa.

Ga mai jego, da mai hawan jini, da mai ƙiba, akwai hanyoyin da babu istirojin a cikinsu: ashanar fata irin su Implanon da Jadelle, robar mahaifa, ƙaramar ƙwaya ta masu shayarwa, da allurar wata uku, har da Sayana Press da mace ke iya yi wa kanta, wadda Nijar na cikin ƙasashen da aka fara gwada rarraba ta a 2014. Kowace da nata sharuɗɗan da za a tattauna da ma'aikacin lafiya. Tun 2011 gwamnatin Nijeriya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocinta, ko da yake ana yawan zuwa a tarar sun ƙare. Filasta kuwa kuɗi ake sa wa, kuma wannan ma wani tarko ne, domin abin da ya zo daga Landan a jakar 'yar'uwa, ko aka saya da tsada a babban kantin magani, ana ɗaukarsa ya fi na asibitin gwamnati inganci. Tsada ba ta san jinin kowa ba.

Abin da ake buƙata kafin a miƙa wa mace kwalin farko bai kai minti biyar ba, kuma ba ya neman ɗakin gwaji ko hoton ciki. A ɗaura mata abin awon jini a dantse. A ɗora ta a sikeli. A tambaye ta yaushe ta haihu, ko tana shayarwa, ko ƙafafunta sun kumbura ko numfashinta ya yi wuya bayan haihuwar, ko tana da sikila, wane irin ciwon kai take yi, wane magani take sha, ko ita ko mahaifiyarta ko 'yar'uwarta wata ta taɓa yin gudan jini. Duk waɗannan suna rubuce a doguwar takardar da ke naɗe cikin kwalin, da ƙananan haruffa, da Turanci ko Faransanci.